Sakkwato na buƙatar ɗakin ajiyar samfuran ƙwari da dayatom

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi kira ga jami'o'i da kwalejojin jihar Sakkwato, da ma'aikatun noma, lafiya da muhalli, a kan wani abu da ba ya cin kuɗi sosai, amma rashinsa yana sa wahalar ɗalibai da malamai ta bi ruwa kowace shekara. Muna nufin ɗakin da za a riƙa ajiye samfuran ƙwari da na ƙananan halittun ruwa da ake kira dayatom, kowane da takardar shaidarsa, a hannun mutum guda wanda aikinsa ke nan.

Ga yadda abin yake tafiya a wurare da dama. Ɗalibin ajin ƙarshe zai je fadamar Kwalkwalawa ko bakin Rima, ya kamo ƙwari ko ya ɗebo ruwa, ya duba a maikiroskof, ya buɗe hotuna a intanet ko wani littafi da aka rubuta domin ƙoramun Turai, ya ɗauki sunan wanda ya fi kama da abin da ya gani. A rubuta sunan a kundi, a ba shi maki, a zubar da kwalbar. Bayan wasu shekaru wani ya kwafi sunan, wani ya kwafa daga gare shi, har ya zauna daram. Ba mu ce duk sunayen kuskure ne ba. Abin da ke damun mu shi ne babu mai iya gaskata su ko ƙaryata su, tunda abin da aka gani ɗin ya tafi kwata. Kuma ba mamaki a cikin abin da aka zubar akwai nau'in da ba a taɓa raɗa wa suna ba a duniya. Ƙwarin da aka yi wa suna zuwa yanzu kusan miliyan ɗaya ne, alhali ƙiyasin masana ya kai wajen miliyan biyar da rabi, kuma yankinmu na Sahel yana cikin wuraren da ba a bincika sosai ba.

Wani zai ce, to mene ne ruwan manomi ko mai jinya da sunan Latin? Mu ɗauki sauro. A da ana ɗaukar Anopheles gambiae, wanda wani masani mai suna Giles ya bayyana a 1902, a matsayin sauro guda. Daga baya aka gane tarin nau'o'i ne da ido ba ya iya rarrabe su, ko da maikiroskof kuwa. Anopheles arabiensis ya fi jure fari, yana cizon dabbobi da mutane, kuma yana yawan cizo a waje, inda gidan sauro ba ya kaiwa. Anopheles coluzzii, wanda sai a 2013 ya samu sunansa, ya fi son ruwan da ke daɗewa kamar na gonakin shinkafa da magudanan noman rani. Shi kuwa gambiae na ainihi kududdufan ruwan sama ya fi so. Kama da wane ba wane ba ne. Wanda zai tsara feshin magani a Wurno ko Goronyo, inda ruwa ke kwance har rani, dole ya san da wanne yake yaƙi, kuma gwajin DNA ne kaɗai ke raba su. Ga kuma Anopheles stephensi, sauron Asiya mai hayayyafa a tankuna da kwatarniyoyin cikin gari, wanda aka gani a Jibuti a 2012, aka same shi a jihar Gombe a 2020. Ranar da zai iso Sakkwato, wanda zai fara gane shi shi ne wanda yake da sauron gida a ajiye yana kwatantawa.

Haka tsutsar masara, Spodoptera frugiperda, wadda a Najeriya aka fara tabbatar da shigowarta Afirka a farkon 2016. Tana kama da tsutsar da muka sani tun da, Spodoptera exempta, amma halinsu daban. Baƙuwar tana shigewa can cikin kunnen masara ta ɓuya, don haka feshin da aka yi sama-sama ba ya taɓa ta. Ana gane ta da alama mai kama da harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe da suka yi murabba'i kusa da wutsiya. Ƙwaron rogo ma da ya addabi Afirka a shekarun 1970, sai a 1977 aka bayyana shi a matsayin sabon nau'i, Phenacoccus manihoti. An ɓata lokaci ana neman maƙiyinsa a arewacin Amurka ta Kudu saboda an rikita ƙwaron da wani ɗan'uwansa. Da aka warware rikicin aka samo ƙwaron a Faraguwai tare da ɗan ƙaramin zanzaron da ke kashe shi, aka saki zanzaron a Ibadan a farkon shekarun 1980, rogo ya farfaɗo.

Sai dayatom, wanda yawancin masu karatu ba su taɓa jin sunansa ba ko da yake sun sha taka shi. Santsin nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke kan dutse ko siminti a cikin ruwa, yawancinsa dayatom ne. Dangin gansakuka ne, ƙwayar halitta guda tak, girmansa daga maikiromita kaɗan zuwa ɗari biyu ko fiye, kuma maikiromita dubu ne ke yin milimita ɗaya. Yana zaune cikin ɓawon silika, wato abin da ake yin gilashi da shi, ɓari biyu, ɗaya ya rufe ɗaya kamar kwano da murfinsa. Waɗannan 'yan mitsi-mitsin halittu su ke samar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar oksijin da tsirrai ke fitarwa a duniya. Amfaninsu gare mu a nan shi ne suna ba da labarin ruwa. Inda Nitzschia palea da Gomphonema parvulum suka yi yawa, akwai alamar ƙazanta ko taki na kwarara cikin ruwan. Jinsin Eunotia ya fi son ruwa mai ɗan tsami mara gishiri. Aulacoseira yana yawo a tsakiyar tafki da madatsar ruwa. Gwajin sinadarai yana nuna halin ruwa a sa'ar da aka ɗebo shi, su kuwa dayatom suna nuna halin da ya kasance ciki makonni da suka wuce. Amma duk wannan ya rataya ne a kan sunan da yake daidai.

Ga yadda ake ɗebo su. Inda akwai duwatsu, a zaɓi guda biyar da suka daɗe cikin ruwa mai gudu, a goge samansu da sabon buroshin haƙori cikin faranti, a haɗa. Kogunanmu yawanci yashi ne, don haka a nan sai a kankare ginshiƙin gada, ko bangon siminti na madatsar Goronyo ko Lugu, ko a yanko karan bado da ciyayin da ke nutse a tafkin Kware a girgiza su da ƙarfi cikin leda mai ɗan ruwa. Kada a haɗa na dutse da na ciyawa da na laka a kwalba guda, domin kowane da mazaunansa. A zuba etanol, wato sinadarin barasa mai hana samfur ruɓewa, har ƙarfinsa a cikin kwalbar ya kai kashi 70 cikin ɗari. A nan take a auna zafin ruwan, da tsaminsa, da yawan gishirin da ya narke a ciki, a ɗauki lambobin wurin da wayar hannu. Buroshin da aka yi aiki da shi a Kware kada ya je Kalmalo, in ba haka ba za a ƙirƙiro wa Kalmalo halittun da ba nata ba.

A ɗakin gwaji ake ƙone naman a bar ɓawon, domin duk alamomin gane nau'i a jikin ɓawon suke. A ɗebi mililita biyu zuwa biyar na samfurin, a zuba masa kamar mililita ashirin na haidurojin ferokisaid mai ƙarfin kashi 30, a ɗora cikin ruwan zafi na wajen digiri 90 na awa ɗaya zuwa uku, har launin ƙasa-ƙasan ya tafi ya bar farin gari a ƙasa. A yi wannan inda iska ke fita, da tabarau da safar hannu, kuma kada a cika kwalbar ya wuce rubu'i, domin samfurin da ke da laka da ruɓaɓɓen ganye yana tafasowa ya zube. Sai a ɗiga ɗigo kaɗan na asid haidurokulorik don narkar da farar ƙasa. Wannan matakin ba na tsallakewa ba ne a yankin da ke kan duwatsun farar ƙasa irin na Kalambaina. Daga nan a wanke da tataccen ruwa sau huɗu ko biyar. Wanda ba shi da injin juya kwalba sai ya bar garin ya kwanta dare guda kafin kowane wanki, ya tsiyaye ruwan sama a hankali. Wanda ya yi gaggawa ya tsiyaye bayan awa ɗaya, ƙananan nau'o'in ne zai zubar, kuma a cikinsu aka fi samun sababbi. Ruwan famfo ko na burtsatse ba ya wannan aiki, gishirinsa zai bushe a kan gilashi ya rufe komai.

A sirka garin da ruwa har ya zama da ƙyar ake ganin farinsa, a ɗiga a kan siririn gilashin rufi, a bar shi ya bushe da kansa a rufe. Idan aka busar da wuta, ɓawon zai taru a gefe ya hau kan juna. Batun rufewa kuma yana da dalili na musamman a ƙasarmu. Hazon hunturu da ke sauka mana yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, wurin da tsohon babban Tafkin Cadi ya ƙafe ya bar tulin ɓawon dayatom. Wato ƙurar da ke shigowa ta taga a watan Janairu tana ɗauke da gutsattsarin dayatom da suka mutu dubban shekaru. Irin wannan ƙura ce masanin Ingila Darwin ya tara a jirgin ruwa daura da gaɓar Afirka ta Yamma a shekarun 1830, masanin Jamus Ehrenberg ya duba ya sami dayatom na ruwan daɗi a ciki. Don haka wanda ya ga karyayyen Aulacoseira a gilashin da ya kwana a buɗe lokacin hazo, kada ya rubuta cewa a Rima yake zaune. Tun wajen ɗebowa ma ya kamata a duba ɗanyen samfurin kafin a ƙone shi, a ga waɗanda suke da rai, masu launin zinariya a ciki, da waɗanda ɓawo ne kawai.

Manne gilashin sai da ƙaro na musamman mai lanƙwasa haske sosai, irin su Naphrax, mai ma'aunin 1.7 da 'yan kai. Silika tana wajen 1.43, saboda haka idan aka sa ƙaron da ma'auninsa ya yi kusa da nata, zanen jikin ɓawon zai ɓace wa ido. A ɗumama har kumfa ta daina fita, a bar shi ya huce. Gilashin da aka haɗa da kyau yana shekara ɗari bai canza ba. A duba da ƙarin girma sau dubu, da ɗigon mai. Abin da ake aunawa shi ne tsawo, da faɗi, da siffar bakin biyu, da tsagar da ke tsakiya, da yawan layukan da ke cikin kowane maikiromita goma. A nan ne masu sabon shiga ke faɗawa rami. Duk lokacin da dayatom ya rabu biyu, kowane ɓari yana ƙera sabon ɓari ne a cikinsa, don haka ɗaya daga cikin 'ya'yan yakan fito ɗan ƙarami, a yi ta raguwa har sai an yi haihuwar da ke maido da girman farko. Babba da ƙarami na nau'i guda sukan bambanta har a siffa. Wanda ya auna guda uku zai raba nau'i ɗaya gida uku. A auna aƙalla ashirin zuwa talatin, daga mafi girma zuwa mafi ƙanƙanta. Yawan layukan ba ya canzawa sosai, shi ya sa aka fi dogara da shi. Ƙananan ramukan da ke cikin layukan kuwa sai maikiroskof mai aiki da ilektiron, don haka a rage wani ɓangare na wankakken garin cikin etanol domin aikawa inda ake da shi.

Na ƙwari ya fi sauƙin kayan aiki, amma ya fi saurin lalacewa. Fitila da farin zane da dare, ragar sharar ciyawa, kofin roba da aka binne daidai da ƙasa, da faranti mai ruwan ɗorawa da ruwan sabulu a ciki, waɗannan sun isa a fara. Ana kashe su cikin kwalba mai auduga da aka jiƙa da etil asitet. Allurar ɗinki ba ta aiki, tana tsatsa ta fasa ƙwaron, sai allurar ƙwari mara tsatsa, lamba 2 ko 3. Buzuzu da danginsa ta fiffiken dama ake soke su, fara ta dama da tsakiyar ƙeya, malam-buɗe-littafi ta tsakiyar ƙirji. Dalilin karkatawa dama shi ne a bar gefe guda da layin tsakiya lafiya don dubawa. A bar kamar milimita goma na allurar a sama don kamawa. Waɗanda suka yi ƙanƙanta a manne su a bakin 'yar takarda mai tsini. A lokacin hunturu ƙwaro na bushewa cikin sa'o'i, ana taɓa shi ƙafa ta karye, don haka a sa shi cikin rufaffen kwano mai jiƙaƙƙen yashi na kwana ɗaya ko biyu kafin a soke. Tsutsa a tsoma ta cikin ruwan da ya kusa tafasa na minti ɗaya ko biyu kafin etanol, in ba haka ba za ta yi baƙi ta tsuke. Idan da hali a raini wasu har su zama manya, domin yawancin sunaye a kan manya aka kafa su. Sauro kada a jiƙa shi, ɓawon fiffikensa da ake dubawa zai zube, a busar da shi cikin bututu mai tsakuwar shan laima. Abin da za a yi wa gwajin DNA a sa shi a etanol mai ƙarfin 95 ko 96, a ajiye a sanyi. Fomalin yana lalata DNA, kada ya kusance shi. Nau'o'i da yawa, musamman ƙananan asu, ba a raba su sai da al'aurar namiji: a cire ƙarshen ciki, a jiƙa a ruwan fotasiyam haidurokisaid mai kashi 10 har naman ya narke, a wanke, a ajiye cikin ɗigon gilisarin a maƙala a allurar ƙwaron.

Takardar shaida ta fi ƙwaron kansa daraja. A rubuta ƙasa, jiha, gari, lambobin wuri, kwanan wata da shekara cikakkiya, sunan wanda ya kama, yadda aka kama, da shukar da aka same shi a kai. Ta cikin kwalba a rubuta da fensir a jefa ciki, domin etanol na wanke biro, kuma takardar da aka manna a waje zafin Afrilu zai ɓamɓare ta. Zafin nan da ke haura digiri 40 yana kuma shanye etanol ko da murfi a rufe, sai a riƙa duba kwalabe duk wata uku. A watan Agusta laima ke kawo fumfuna. Ga tururuwa, ga gara, ga 'yan ƙwarin da ke cin busassun ƙwari, waɗanda alamarsu ita ce ɗan gari a ƙarƙashin allura. Maganinsu akwati mai rufuwa ruf, kafur a ɗaure a kusurwa, da sa duk sabon akwati cikin leda a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda kafin ya shiga ɗaki.

To, idan an gama duk wannan aka ga abin bai dace da kowane suna ba fa? Rashin samunsa a littafi ɗaya ba ya nufin sabo ne. Dole a karanta bayanin asali na dukan 'yan'uwansa, a ga hotunan samfuran da aka kafa sunayensu a kai, waɗanda da yawansu suna gidajen tarihi na Landan, Faris da Balin. Idan har yanzu ya fita daban, sai a bi doka. Sunayen dabbobi suna da kundin dokarsu da ke farawa daga aikin masanin Suwidin Linnaeus na 1758, dayatom kuwa suna ƙarƙashin na tsirrai. Duka biyun suna son a ware samfur guda a ce shi ne ma'aunin sunan har abada, a faɗi gidan da aka ajiye shi, a bayyana abin da ya raba shi da makusantansa, a fito fili a ce sabo ne. Ga dayatom hoto ko zane wajibi ne, kuma yana da kyau a kewaye ƙwayar da ake nufi a kan gilashin. Tun 1 ga Janairun 2012 an yarda a rubuta bayanin tsirrai da Ingilishi maimakon Latin. A ɓangaren dabbobi, sunan da zai fito a mujallar intanet kaɗai sai an yi wa aikin rajista a ZooBank, wato rumbun rajistar sunayen dabbobi na intanet. Kundin digiri da ke kan kanta ba ya kafa suna. Sharaɗin faɗin gidan ajiya shi ne inda muke makalewa: wanda ba shi da ɗakin da za a amince da shi, dole ya kai samfurinsa wani gari ko wata ƙasa. Sunan Goronyo ya shiga kimiyya tun 1972 ta hanyar Goronyosaurus, wata ƙatuwar dabbar teku da aka tono ƙasusuwanta a yankin, amma masanan Italiya ne suka raɗa shi. Muna so ƙwaro ko dayatom na farko da zai ɗauki sunan Rima ko Kware ya zama ɗan ƙasa ne ya bayyana shi, ma'aunin sunan kuma yana nan gida.

Abin da muke roƙo bai wuce ɗaki guda mai rufin da ba ya yoyo da tagogi masu hana ƙura ba, da kabad na ƙarfe mai akwatuna masu murfin gilashi, da maikiroskof biyu, ɗaya na ƙwari ɗaya mai kaiwa sau dubu da kyamara, da firiza mai aiki da sola, da littafin rajista da kwafinsa a kwamfuta. Mafi muhimmanci shi ne mai kula na dindindin, wanda za a tura ya koyi aikin a ɗakin ajiyar ƙwari na Samaru a Zariya. Sai kuma doka guda daga majalisar kowace jami'a: kada a karɓi kundin ɗalibin da ya ambaci sunan ƙwaro ko dayatom sai ya miƙa samfurin, an ba shi lamba, lambar ta fito a cikin kundin. Jami'an gona da na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro na ƙananan hukumomi 23 su ma a ba su bututu da fensir da 'yar takardar bayani, su riƙa aiko da duk baƙon ƙwaron da manoma suka kawo musu ƙara.

Mun gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu malaman kimiyyar halittu,
Sakkwato.